Burodi Biyu na Mai Makulli

Daidai inda shagunan layin suka ƙare gidajen haya suka fara, nan rumfar Mai Makulli take. Rumfa ce da in ya miƙe ƙafa sai tafinsa ya leƙa titi. Tebur ɗaya, injin yanka makulli mai kuka kamar an taka jelar kyanwa, magagari, ƙaramar guduma, da 'ya'yan makullai rataye a ƙusoshi. Shi kuma siriri ne, gemunsa fari, rigarsa kullum a goge, magana sai an matso ta kamar ragowar man goge baki. Duk ƙofar da ke layin nan hannunsa ya taɓa ta. Ya san wanda ke kulle ɗaki don ɓarawo, ya san wanda ke kullewa don suruka, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Abinci ma haka. Uwarsa ce ta yi masa wannan gyaran tun yana ƙarami. Wata rana ya ture kwano ya ce miyar ba gishiri. Ba ta dake shi ba, da ma dukan ta yi. Ɗauke kwanon ta yi ta juye wa kaji a gabansa, ya kwana cikinsa na kiran sunansa. Da safe ta ce, "Wanda ya tsaya a gaban wuta saboda kai, an gode kawai za ka ce masa." Shi ke nan, ya riƙe. Ya girma, ya koyi sana'a, ya yi aure, matarsa ta yi ta dafa masa har kanta ya yi fari, ba ta taɓa jin ya ce ya yi daɗi ba, ba ta taɓa jin ya ce bai yi ba. Takan ce wa maƙwabta da ta dafa wa mutumin nan gara ta dafa wa bango, ko ba komai bango ba ya bar mata kwanon wanki.

Da ta rasu, 'yarsa tilo tana can gidan mijinta a ɗaya gefen gari, sai ya ce zai iya da kansa. Ya ƙona tukunya, ya ƙona wata, a ta gaba maƙwabta suka shigo da bokitin ruwa. Daga nan ya koma cin abinci a waje.

Sana'arsa kuwa dama tun matar na raye take kai shi gidajen abinci. Duk wanda zai buɗe sabon gidan abinci, kafin ya kunna wuta sai ya sauya makullin ƙofa, don ba mai so tsohon ɗan haya ya ci gaba da yawo da mabuɗinsa a aljihu. Sai a kira Mai Makulli. Yana gama aiki a zuba masa farantin farko. Ya ci, ya wanke hannu. A ce, "Baba, yaya ka ji shi?" Ya ce, "Alhamdu lillahi. An gode." Ko kaza aka ba shi ko tsumma aka dafa, kalmomin ba sa ƙaruwa ba sa raguwa, fuskar nan kamar ƙofar da ya kulle ya jefar da mabuɗin.

Sai dai uwarsa bakinsa ta gyara, ba ta gyara cikinsa ba. In abinci ya shige shi, yakan wuce teburin mai burodi da ke kwanar layi da gaisuwa kawai, ya koma rumfa ya kife hula a fuska ya yi gyangyaɗi. In bai shige shi ba, ya ɗan tsakura ya tura sauran gefe, sai ya tsaya ya sayi ƙaramin burodi. In kuwa abin ya kai a yi wa mai girkin addu'a, babba yake saye.

Mai burodi ne ya fara lura, shi kuwa bakinsa ba shi da murfi. Ya faɗa wa mai aski, mai aski ya faɗa wa duk kan da ya shigo hannunsa. Ba a jima ba teloli, direbobin motar haya, masu gyaran waya, kowa ya daina wahalar da cikinsa da gwaji. In an buɗe sabon wuri sai a jira tsohon ya fito. "Ya saya?" "Ya wuce." A cika wurin har a rasa benci. "Ya saya?" "Ƙarami." A je in an rasa wani. In aka ce babba, to mai wurin ya fara neman wanda zai sayi tukwanensa. Shekaru ana haka, layi guda ya sani. Mutum ɗaya ne bai sani ba, shi ne mai sayen burodin.

Ana nan sai wata mata ta kama shagon da mai gyaran rediyo ya bari, ta shafa wa ƙofar shuɗin fenti. Baƙuwa ce a layin, Uwar Tagwaye ake ce mata. Mai Makulli yana durƙushe yana cire tsohon makulli, ita tana soya albasa tana ba shi labari, don mutane sun saba juye wa marar magana abin da ke cikinsu. Mijinta direba ne, ya rasu. Danginsa sun zauna sun yanke cewa ba za ta iya riƙe 'ya'ya mata biyu ba, wan mijin zai ɗauki ɗaya, ƙanwar mijin ta ɗauki ɗaya, garuruwansu kuma ko hanya ba ta haɗa su. Yaran da ko wanka ba sa yarda a yi musu daban. Ta roƙa a bar ta ta gwada. Ta sayar da gadonta da keken ɗinkinta ta sayi tukwane da benci.

"Sun ce in wurin ya tsaya, yaran na hannuna," in ji ta. "In ya faɗi, a raba su kamar kayan gado."

"Allah ya sa albarka," in ji shi, ya ci gaba da murɗa ƙusa.

Ta zubo masa shinkafa da miyar nama, ba wani ado a farantin. Ya kai cokalin farko, ya tsaya. Ya duba farantin, ya duba matar, ya sake duba farantin. Albasar ta narke har ba a ganinta, yajin bai zo da faɗa ba, sai da ya bari aka haɗiye sannan ya yi sallama daga baya, naman kuma cokali ma yanka shi yake yi. Ba girkin matarsa ta tuna masa ba. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa yin miya irin wannan ba, kuma da tunanin ya zo masa sai da ya waiga kamar tana bayansa. Shinkafar ce kawai ta sha ruwa, amma wa ke ta shinkafa.

Ya share farantin tas. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ya gyara murya, ya kalli ƙasa, ya ce, "'Yata, in da saura, ko za a ɗan zuba mini in tafi da ita."

Ta cika masa kwano mai murfi, ta ɗaure a leda. Dattijo mai farin gemu ba zai bi layi riƙe da kwanon miya kamar wanda aka aika ba, sai ya tura shi can ƙasan jakar kayan aiki, ya ɗora guduma a kai. Ya ce an gode, ya fita.

A hanya ya tuna gidansa ba shinkafa, ba kuma tukunyar da ta tsira. Da me zai ci miyar? Ya tsaya a kwanar layi.

"Ba ni babba."

Mai burodi ya miƙa hannu a hankali, kamar likitan da zai faɗi mugun labari.

"A'a, tsaya," in ji Mai Makulli, don ya tuna miyar za ta kai safe. "Ba ni biyu."

Burodin ya suɓuce daga hannun mai burodi. "Biyu, Baba?"

"Biyu."

"Manya?"

"Kunnenka ya toshe ne yau?"

Bai kai rumfa ba labari ya kai ƙarshen layi ya dawo. Mai aski ya tsaya da almakashi a sama, kan mutum rabi a aske. Mai ɗinkin kayan mata ta dafe ƙirji ta ce ko gidan nan da aka tsinci soson wanke-wanke a cikin miya, babba ɗaya ya saya. Wani ya ce ya ga tsohon yana tafe yana dafa bango. Kafin rana ta faɗi an sami waɗanda suka rantse ƙanin maƙwabcinsu ya ci a wurin an kwantar da shi a asibiti, alhali ranar wurin ya fara kunna wuta.

Shi kuwa ya ci miyarsa da yamma, ya ci da safe, ya goge kwanon da ɓawon burodi har yana ganin gemunsa a ciki. Sai aka kira shi aikin wani sabon bene a bayan gari, ƙofofi rututu. Ya yi ta sammako yana dawowa a gajiye, yana cin abin da leburori ke ci yana tuna shuɗiyar ƙofa.

Ranar da aikin ya ƙare ya ɗauki kwanon, ya sa rigarsa mai kyau, ya nufi wurin da tsakar rana yana tunanin ko zai sami wurin zama. Ya tarar da benci duk a wofi. Ƙuda ma kaɗan ne. Mutum ɗaya ne a lungu, wani dogo, ya ba ƙofa baya yana ci. Tukunyar miya cike take har wuya.

Uwar Tagwaye ta karɓi kwanon ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ta juya shi ta duba.

"Kyanwar ta ci, ko ita ma ta ƙi?"

"Wace kyanwa?"

"Wadda ka kai wa miyata. Ko a kwata ka zuba? Faɗa mini, Baba, ba zan mutu ba."

"Ni na ci. Da bakina."

"To me na yi maka? Na zage ka? Da ka ce mini, yarinya, girkinki ba ya ciwuwa, da na ji zafi na gyara. Amma ka ce an gode, ka fita ka sayi biyu. Biyu, Baba. An ce ko wadda ta dafa soso, ɗaya ka saya mata."

Ya san kalmomin ɗaya bayan ɗaya, amma ya rasa inda suka haɗu.

"Burodina ne," in ji shi. "Ina ruwan burodina da miyarki?"

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Ko dai ka fi kowa munafunci a garin nan, ko kuma kai kaɗai ne ba ka san ko kai wane ne ba. Je ka tambayi abokinka mai aski. Ni tun da na buɗe, maƙwabta nake raba wa abinci da yamma, su ma sai sun shinshina. Wan mijina ya aiko a ce in fara haɗa kayan ɗaya."

Mai aski sa'ansa ne, tare suka yi ƙuruciya, shi kaɗai ke iya ce masa tsohon banza a zauna lafiya. Da ya ji tambayar ya yi dariya har ya faɗa kujerar aski. Da ya ga abokin nasa ba ya dariya, sai tasa ta tsaya.

"Kai, tsaya. Da gaske ba ka sani ba?"

"Me zan sani?"

"Duk shekarun nan? Mu muna cewa wayo ne, dattijo ba ya so ya ɓata bakinsa, sai ya bar burodi ya yi magana."

Ya zayyana masa komai, wucewa, ƙarami, babba. Mai Makulli ya laluba benci da hannu ya zauna.

"Matar nan mai kifi ta kusa da famfo," in ji shi a hankali. "Da ta tashi..."

"Babba."

"'Yan'uwan nan masu taliya?"

"Ƙarami, ƙarami, sannan babba. Ai su sun ɗan ja."

"Ni fa na ɗauka kasuwa ce ta ƙi su. Har gida na bi su na yi musu jaje."

"Sun faɗa. Sun ce ba su taɓa ganin marar kunya irinka ba."

Sai wani abu ya faɗo wa Mai Makulli a rai. "Dogo fa? Dogo na gaban asibiti?"

"Kai ma ka sani. Kullum ka ci a wurinsa, kullum ka fito ka sayi babba. Muka ce tausayi ne ke kai tsohon nan, yunwa ke fito da shi."

"Matata ce a kwance a asibitin," in ji Mai Makulli. "Ba abin da ke zama a cikinta sai burodi a shayi. Ita nake saya wa. Dogo ya iya girki. Ba a yi shinkafa irin tasa a layin nan ba."

Masu jiran aski suka daina duba madubi. Dogo yanzu gadi yake yi a wani sito. Shekaru ke nan in ya hango Mai Makulli sai ya tsallaka titi, shi kuma ya ɗauka wani mabuɗi ne ya taɓa yanka masa ba daidai ba.

Mai Makulli ya miƙe a tsakiyar shagon. "To ku ji. Miyar matar nan da daɗi. Gida na tafi da ita, shi ya sa na sayi burodi."

Suka dubi juna. Wani direba ya ce, "Allah sarki Baba. Wa ya ga kwanon?"

"A jaka yake."

"A jaka." Direban ya gyaɗa kai. "Baba, kai fa ko tayar mota aka dafa maka, an gode za ka ce. Bakinka mun san shi. Burodin ne bai taɓa yi mana ƙarya ba."

"Yanzu na gaya muku ya yi ƙarya a kan Dogo."

"To ka gani, tausayin Dogo ma ya taso."

Mai Makulli ya kira 'yarsa a waya ya tambaye ta ko ta taɓa jin wannan shirmen. Ta ce, "Baba, ai ina da lambar mai burodi. In za mu fita da baƙi shi nake fara kira."

Ya koma cin abinci a shuɗiyar ƙofa kullum. Ya daina sayen burodi gaba ɗaya, yana wuce teburin ƙirji a gaba yana sakace haƙori don kowa ya gani. Aka ce tun da ya gane, yanzu da yunwa yake kwana don ya rufa wa matar asiri. Mai ɗinki ta ce ba tausayi ba ne, aure tsohon yake nema, ku dubi rigar. Ba wanda ya shiga. Wata rana ya zo ya tarar da ƙaramar jaka a bayan ƙofa, an ɗaure ta, takalman makaranta a kai. Jaka ɗaya. Bai tambaya ba.

Dogon nan na lungu kuwa, tun daga ranar shagon aski Mai Makulli ya gane ko bayan wane ne, ƙafarsa ce ta ƙi kai shi. A ranar ya ɗauki farantinsa ya je ya zauna a gabansa.

"Dogo."

"Ban ce ka zauna ba."

"Matata ce a lokacin..."

"Na ji. Mai aski ya bi ni har wurin gadi ya faɗa mini, kamar zai dawo mini da tukwanena." Ya ci gaba da ci. "Tun da na rufe, duk inda ka sayi babba nan nake zuwa in ci, don in kama ka da ƙarya."

"Ka kama?"

"Mai kifi ta cancanta. Masu taliya, da ni ne da uku na saya. Mai soso kuwa ɗaure ta ya kamata a yi." Ya nuna farantin da cokali. "Wuri biyu kawai ka kashe a banza. Nawa, da wannan."

"Na faɗa musu, sun ƙi yarda."

"Don me za su yarda? Mutumin da bai taɓa cewa abu bai yi ba, in ya ce ya yi, me ya faɗa? Kai kana ganin kirki ne. Ni da ka saba buɗe baki, ko da zagi ne, da yanzu ina gaban wutata." Ya miƙe, kansa na neman taɓa rufi. "Burodinka ne ya kashe wurin nan. Sai ka kawo shi ya ga gawar."

Washegari, lokacin da layi ke neman abin ci, Mai Makulli ya rufe rumfa ya nufi teburin mai burodi.

"Manya biyu."

"Baba, ai ba ka ci ba tukuna."

"Kar ka sa a leda."

Ya rungume su tsirara a ƙirji, ya bi tsakiyar titi. Burodi bayan ci kowa ya san ma'anarsa. Burodi kafin ci, ba wanda ya san inda zai ajiye shi. Mai aski ya fito da tawul a kafaɗa. Teloli suka bar kekunansu. Mai burodi da kansa ya bar teburinsa ba mai tsaro ya bi baya.

Tsohon ya ja benci zuwa bakin shuɗiyar ƙofa, ya ce a zubo miya kawai. Ya nannaɗe hannun rigar nan mai guga, ya yaga burodi ya tsoma ya kai baki. Mutumin da ko ruwa ba ya sha a bakin titi, ga shi miya na bin gemunsa tana ɗiga a riga, bai goge ba. Ya gama faranti ya miƙa a ƙara. Ya gama wannan ya bi gefen farantin da ɓawo, ya bi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Mai ɗinki ta rufe baki da mayafi. Ƙamshi yana ta aikinsa, ana jin masu haɗiyar yawu, amma ba wanda ya ɗaga ƙafa.

"Wasan kwaikwayo ne," in ji direban nan. "To Baba, ga mu. Yaya ka ji shi? An gode, ko?"

Mai Makulli ya dubi jakar da ke bayan ƙofa. Ya ji uwarsa tsaye a kansa da kwano a hannu, kaji na jira. Ya buɗe baki.

"Shinkafarta ta cika ruwa. Caɓe ce, tun ranar farko, shi ya sa yau ban karɓa ba. Amma miyar nan, uwata ta dafa mini, matata ta dafa mini har ta koma ga Allah, na ci a kowace ƙofa a layin nan, ba wadda ta kama ƙafarta."

Mai aski ya ce a hankali, "Ya kushe abinci." Maganar ta bi taron zuwa baya. Ya kushe. Mai Makulli ya kushe shinkafa. Har da uwarsa ya haɗa.

Direban ya sosa ƙeya. "In dai har ya iya cewa shinkafar ba ta yi ba..." Bai ƙarasa ba, ya tsallake ƙafar tsohon ya shiga. "Uwar Tagwaye, miya. Ban da shinkafa." Ya leƙo waje. "Kai mai burodi, tsayuwar me kake yi? Kawo ƙarami."

Nan da nan benci ya ƙare, wasu a tsaye, wasu a kan matakala, mai burodi yana ta gudu tsakanin teburinsa da ƙofar. Tukunyar da ta saba wuni cike, ranar sai da aka kankare gindinta.

Uwar Tagwaye ba ta gode masa ba. Da ta sami sarari ta zo ta tsaya a kansa riƙe da ludayi.

"Caɓe?"

"'Yata..."

"A gaban duk layi? Kullum kana ci kana ce mini an gode, ashe caɓe ce?"

"Kaɗan."

"Ba ka ce kaɗan ba."

Daga lungu Dogo ya ce, bai ko juyo ba, "Caɓe ce. Ruwa kike cikawa, kuma kina buɗe murfi kamar mai leƙen maƙwabta."

"Kai kuma wa ya sa da kai?"

"Rage ruwan, ki bar murfin."

Ta yi tsaki ta juya. Da ta zo wuce ƙofa ta sunkuya ta ɗauki jakar nan, ta kwance ɗaurin da haƙori, ta shige da ita ciki.

Ranar da wan mijin ya zo ɗaukar yarinyar bai sami wurin zama ba. A tsaye ya ci, ya goge faranti da burodi kamar kowa, ya koma garinsu shi kaɗai. Shinkafar ta gyaru daga baya, kodayake mai ita ta rantse ba ta sauya komai ba. Dogo bai koma gaban wuta ba, kuma bai ce ya yafe ba. Ya dai daina tsallaka titi.

Mai Makulli ne ya rasa zaman lafiya. Yanzu in ya ɗaura makulli a sabon wuri aka zuba masa faranti, mai wurin na tsaye a kansa, rabin layi na bakin ƙofa, kuma an daina karɓar an gode. Sai ya faɗa, gishiri ko mai ko wuta, yana faɗa yana share gumi yana waiwaye. Burodinsa kuma can wata unguwa yake zuwa saye, ya tura shi ƙasan jakar kayan aiki, ya ɗora guduma a kai, ya wuce kwanar layi da gaisuwa kawai. Ya ɗauka ba wanda ya sani. Mai burodi ya ce daga kumburin jakar yake gane ƙarami ne ko babba.